Thomas Adeoye Lambo

Thomas Adeoye Lambo likita ne ɗan Najeriya, Bayarabe, haifaffen Abeokuta. An haife shi ranar 29 ga Maris 1923, ya rasu ranar 13 ga Maris 2004. Shi ne ɗan ƙasar na farko da ya ƙware a fannin maganin taɓin hankali irin na asibiti. An fi saninsa da tsarin jinyar da ya ƙirƙiro a Aro, gefen Abeokuta, a shekarar 1954, inda ya riƙa saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da safe suna komawa masauki da la'asar, a zamanin da kulle su da ɗaure su ne abin da hukuma ta sani. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, sannan ya riƙe muƙamin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Tasowarsa da karatunsa

Lambo ya taso a ƙasar Egba, ya yi sakandare a makarantar maza ta 'yan mishan Baptis da ke Abeokuta daga 1935 zuwa 1940. Makarantar ce daga baya ta yaye Olusegun Obasanjo da Moshood Abiola. Daga nan ya tafi Ingila, ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham, ya gama a 1948. Yana can ya auri wata Baturiya, Dinah Violet Adams, a 1945, suka haifi 'ya'ya maza uku.

Bayan ya taɓa aikin likitan gwamnati a gida na ɗan lokaci, sai ya koma Landan a 1952 ya shiga cibiyar koyar da likitocin ƙwaƙwalwa ta asibitin Maudsley. A wancan lokaci Aubrey Lewis ne ke jagorantar wurin, mutum mai tsananin bin diddigi, wanda ba ya karɓar magana sai da hujja. Lambo ya dawo Najeriya a 1954 aka ba shi riƙon sabon asibitin Aro.

Sau da yawa akan rubuta cewa shi ne baƙar fata na farko a Afirka da ya ƙware a wannan fanni. Wannan ya wuce gona da iri. Tijjani al-Mahi na Sudan ya riga shi da 'yan shekaru, kuma shi ma ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malamai da shehunai masu yi wa mutane magani a ƙasarsa. A Najeriya dai babu wanda ya riga Lambo.

Abin da ya tarar

Kafin a fahimci abin da aka yi a Aro, sai an san yadda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki mai taɓin hankali. Ta ɗauke shi a matsayin matsalar tsaro, ba a matsayin marar lafiya ba. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba a farkon ƙarni na 20, aka buɗe na Yaba da ke Legas a 1907 cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. Dokar da aka kafa a 1916 ta ba alƙali da likitan gwamnati ikon tsare duk wanda suka tabbatar ya zautu. Inda babu irin waɗannan gidaje, har da yawancin lardunan Arewa, sai a kai mutum kurkuku ko wani sashe da En'e ta keɓe, ya zauna tare da ɓarayi da masu kisan kai ko kusa da su, alhali bai yi laifin komai ba.

Magani kusan babu. Akwai bango, akwai mari, akwai masu gadi. Likitocin da gwamnati da kanta ta aiko su duba wuraren, irin su Cunyngham Brown wanda rahotonsa ya fito a 1938, sun bayyana cunkoso da ƙazanta da rashin kula, amma kuɗin gyara bai fito ba. Mutanen gari kuwa sun san cewa wanda ya shiga da wuya ya fito, don haka ba sa kai nasu sai in ya gagari kowa. Sauran suna gida a ɗaure a turu, ko wajen boka, ko suna yawo a kasuwa yara na jifa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta wa hukuma ta motsa. Dubban sojojin Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, sun yi yaƙi a ƙasar Bama (Burma), wasu suka dawo hankalinsu a gushe. A 1944 aka mai da wani tsohon gidan yari da ke Lantoro a Abeokuta wurin ajiye masu taɓin hankali, kuma irin waɗannan sojoji na cikin waɗanda aka riƙa kaiwa. Daga nan aka yanke shawarar gina asibiti na zamani a Aro, wanda zai zama na farko a ƙasar da aka gina don magani ba don tsarewa ba. Ginin ya yi ta jan ƙafa. Da Lambo ya iso, ɗakunan kwanciya ba su kammalu ba.

Ƙauyukan Aro

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ga likita, ga magani, ga marasa lafiya suna tururuwa, amma babu gadon da za a kwantar da su. Lambo ya je wajen dagatai da dattawan ƙauyukan da ke kewaye da filin asibitin ya nemi su ba baƙinsa hayar ɗakuna. Ba da sauƙi suka yarda ba, don tsoron mahaukaci a wurinsu bai bambanta da na kowa ba, wasu ma suna ganin ciwon yana yaɗuwa. A watan Oktoba na 1954 aka fara. Ƙauyuka huɗu ne suka shiga tsarin: Aro, Ope-Oluwa, Olomore da Idi-Ori. Da abin ya kankama, sukan ɗauki marasa lafiya tsakanin 200 zuwa 300 a lokaci guda.

Sharaɗi na farko, wanda komai ya rataya a kansa, shi ne ba a karɓar marar lafiya shi kaɗai. Dole ya zo da ɗan'uwa aƙalla guda, galibi uwa ko 'yar'uwa ko goggo. Ita za ta dafa masa abincin da ya saba ci, ta wanke masa tufafi, ta kwana ɗaki ɗaya da shi, ta raka shi asibiti da safe, ta ɗauko shi da yamma. A asibiti ana ba shi magungunan da ake da su a lokacin. A lokacin ba a daɗe da samo ƙwayar da ake sayarwa da sunan Largactil ba, wadda likitocin Faransa suka fara gwadawa a kan masu taɓin hankali a 1952, kuma ita ce ta farko da ke lafar da gane-gane da jiye-jiye ba tare da ta sumar da mutum ba. Ana kuma yin jinyar jona lantarki a kai, da ta sumar da marar lafiya da allurar insulin, wadda aka daina daga baya a ko'ina saboda haɗarinta ya fi amfaninta. Sauran yini kuma a yi aikin hannu, a yi hira da ma'aikatan jinya. In an koma ƙauye, marar lafiya yana zuwa kasuwa, yana zuwa coci ko masallaci, yana zama inda mutane ke zama. Akwai ma'aikatan jinya da ke kwana cikin ƙauyukan, ko da wani abu zai taso cikin dare.

Mutanen ƙauye ba don Allah kaɗai suka yi ba, kuma Lambo bai nemi su yi don Allah kaɗai ba. Suna karɓar kuɗin haya. Asibiti ya ba su rance suka ƙara ɗakuna, ya ɗauki 'ya'yansu aikin lambu da dako da share-share, aka kawo ruwan famfo, aka haƙa masai, aka yi yaƙi da sauro. Akan zauna lokaci-lokaci tsakanin ma'aikatan asibiti da dattawa a tattauna ƙorafi. Wannan ɓangaren ne masu yabon tsarin suka fi mantawa, alhali shi ne ya riƙe shi: an sa zaman baƙon ya zama riba ga mai masauki.

Amfanin da Lambo ya ce ya gani iri-iri ne. Kuɗin jinya ya yi ƙasa ƙwarai da na kwantarwa, tun da ba asibiti ke ciyarwa da gadi ba. Mutane sun fara kawo nasu da wuri, don sun ga ba ƙwace musu shi za a yi ba. Likita yana samun labarin yadda ciwon ya faro daga bakin wadda ta shaida farkonsa. Sannan, abin da ya fi ba shi muhimmanci, marar lafiya ba ya koyon zaman asibiti. A manyan asibitocin mahaukata na Turai an daɗe da lura cewa wanda ya shekara goma a kulle, ana tashe shi da ƙararrawa ana kwantar da shi da ƙararrawa, ko ciwon ya lafa ba ya iya komawa cikin mutane. Zaman ya zame masa ciwo na biyu. A Aro babu ranar da aka yanke mutum daga duniya, balle a sha wahalar mai da shi. Ita ma mai jinyar tana koyo: ta ga yadda ake shan magani, ta san alamun dawowar ciwo, ta koma gida da wannan sani. Kuma da yake da idonta ta ga sauƙin ya samu, ita ce za ta tsaya masa a gaban dangi da maƙwabta.

Ba Lambo ne ya fara tunanin ajiye masu taɓin hankali a gidajen talakawa ba. Garin Geel na ƙasar Beljiyam ya yi ɗaruruwan shekaru yana haka, kuma asibitin yini, wanda ake zuwa a koma gida, an riga an gwada shi a Rasha da Kanada da Ingila. Sabon abin da ya kawo shi ne haɗa ukun wuri guda, wato asibitin yini da masaukin ƙauye da ɗan'uwa mai jinya, ya kuma gina su a kan abin da mutanensa suka riga suka saba. Bayarabe in zai kai ɗansa wajen mai magani, da ma tare suke tarewa a gidan mai maganin har a ga abin da hali ya yi. Wanda ya san yadda ake jinya a asibitocin Najeriya har gobe, inda kowane gado yake da mai jinya da tabarmarta da kwanukanta, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ba kowa tsarin ya ɗauka ba. Masu duka da waɗanda kotu ta aiko saboda sun yi kisa ko wani babban laifi, Lantoro aka ci gaba da kai su, a bayan ƙofa. Wanda kuma ba shi da kowa, ko danginsa sun gaji sun yar da shi, ba shi da wanda zai cika masa sharaɗin farko.

Shi da masu maganin gargajiya

Abin da ya fi jawo masa surutu a tsakanin abokan aikinsa shi ne shigo da masu maganin gargajiya cikin aikin. Gwamnatin mulkin mallaka da 'yan mishan da yawancin likitocin da suka yi karatu a Turai duk kallon 'yan damfara suke yi musu. Lambo ya zauna da su, ya kalli yadda suke aiki, ya ɗauki wasu daga cikinsu suka riƙa ganin marasa lafiya a ƙauyukan a ƙarƙashin kulawar asibiti.

Hujjarsa ba wai ya yarda aljani ko maita ko sammu ne ke kawo ciwon ba. Cewa ya yi marar lafiya da danginsa sun yarda da haka, kuma ko likita ya so ko ya ƙi za su je wajen mai magani, kafin asibiti ko bayansa ko a ɓoye ana cikin jinya. Ya lura cewa wannan bai tsaya ga mutanen karkara ba. Har ɗaliban Najeriya da suka sami taɓuwar hankali suna karatu a Ingila, waɗanda ya yi bincike a kansu, da yawa sun danganta abin da ya same su ga hannun mutum. Ƙwaya tana iya kwantar da jiye-jiye, amma ba ta amsa tambayar da ke cin ran iyali, wato me ya sa shi, me ya sa yanzu. Mai maganin gargajiya yana da amsa cikin harshen da suke ji, yana da sadaka da yanka da ikirari da zai sa a yi, kuma yana tara dangi a sasanta abin da ya ɓaci a tsakaninsu. A ganin Lambo wannan jinya ce ta magana da zuciya, kwatankwacin wadda likitocin Turai ke yi a ofis, har ma ta fi ta kama jikin mutanen da aka yi ta dominsu.

Akwai kuma saiwa. Raymond Prince, wani likita ɗan Kanada da ya yi aiki a Aro a ƙarshen shekarun 1950, ya rubuta yadda masu maganin Yarabawa ke shayar da mahaukata saiwar wani itace da suke kira asofeyeje, su yi ta barci. Itacen ɗan'uwan wanda ake samu a Indiya ne, wanda daga saiwarsa wani kamfanin Suwizalan ya tace sinadarin risafin a 1952, aka yi ta amfani da shi a asibitocin Turai da Amurka. Wato dai wasu daga cikin bokayen sun riga asibiti riƙe magani mai aiki, ko da yake ba su da ma'aunin da zai hana a zarce.

Wannan gefe na aikinsa shi ne ya fi saurin jan hankalin 'yan jarida, kuma shi ne mafi rauni. Gidajen masu maganin da yawa suna ɗaure mutane da sasari, suna yi musu bulala, suna hana su abinci, kuma Lambo ya san haka. Waɗanda ya zaɓa ya zaɓe su ne ya kuma sa musu iyaka. Yadda za a yi wannan zaɓe a ƙasa baki ɗaya, da wanda zai sa ido, shi ne ba a taɓa warwarewa ba. Tolani Asuni, wanda ya gaje shi a Aro, ya fi shi taka-tsantsan a kan batun, ya kuma yi rubutu a kan wuyar haɗa hanyoyin biyu a ƙarƙashin hukuma guda.

Jayayya a kan ƙwaƙwalwar baƙar fata

Shekara guda kafin Lambo ya dawo gida, a 1953, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin J. C. Carothers mai suna The African Mind in Health and Disease. Carothers ya daɗe yana riƙe da asibitin mahaukata na Mathari a Nairobi, kuma ana ɗaukarsa masanin da babu kamarsa a kan hankalin mutanen Afirka. Ra'ayinsa shi ne Ba'afirke ba ya amfani da gaban ƙwaƙwalwarsa yadda ya kamata, har ya kwatanta lafiyayyen baƙar fata da Baturen da aka yi wa tiyata aka yanke masa jijiyoyin wannan sashe. Shi da masu ra'ayinsa sun kuma ce ciwon baƙin ciki mai tsanani da wuya ya kama baƙar fata, wai don ba shi da zurfin tunani da jin nauyin laifi da za su kawo shi. Wanda ya zautu kuwa, galibi boko da zaman birni ne suka fi ƙarfin kansa. Ba a ɓoye amfanin wannan magana ga masu mulki ba: a 1954 gwamnatin Kenya ta sa Carothers ya rubuta mata bayanin tawayen Mau Mau a matsayin matsalar hankali.

Lambo ya mai da martani a 1955, cikin wata maƙala da ya buga a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya, a kan rawar da al'ada ke takawa a ciwon zargi da ruɗu tsakanin Yarabawa. Ya yi wa rubuce-rubucen magabatansa kaca-kaca, ya ce mafi muninsu tatsuniyoyi ne da aka yi wa rigar kimiyya, da wariyar launin fata a ƙarƙashi. Sannan ya kawo nasa marasa lafiyar. Ya kwatanta Yarabawan karkara da ba su yi boko ba da waɗanda suka yi, ya nuna cewa ciwon guda ne, abin da ruɗun ke kamawa ne ya bambanta: na farko yakan ce mayu ko kakanni ke binsa, na biyu kuma ruɗunsa ya fi kama da na marasa lafiyar Landan. Ya yi wannan ne yana jin harshen mutanen da yake dubawa, abin da yawancin waɗanda yake suka ba su da shi. Wanda ke tambayar marar lafiya ta bakin tafinta, a cikin gidan da sai masu duka ake kawowa, ba abin mamaki ba ne in bai taɓa ganin mai baƙin ciki ba. Mai baƙin ciki yana ɗaka a kwance, ba ya damun ɗan sanda.

Babban gwajin ya zo ne da haɗin gwiwar Aro da Jami'ar Cornell ta Amurka. A 1961 Lambo da Alexander Leighton da tawagarsu suka shiga ƙauyukan Egba da cikin garin Abeokuta suna yi wa mutanen gari tambayoyi, da irin ma'aunin da Leighton ya riga ya yi amfani da shi a wani yankin karkara na Nova Scotia a Kanada. Sakamakon ya fito a littafin Psychiatric Disorder among the Yoruba a 1963. Kamannin da aka samu tsakanin wuraren biyu sun fi bambancin yawa nesa ba kusa ba. Damuwa da fargaba da baƙin ciki duk suna nan a ƙauyen Yarabawa, kuma a can da nan, inda zumunci ya watse talauci ya yi yawa, nan ciwon ya fi yawa.

A wannan shekara ta 1961 ya kira taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka baki ɗaya a Abeokuta, shekara guda bayan samun 'yancin Najeriya.

Ba za a ce Lambo ya tsira gaba ɗaya daga tunanin zamaninsa ba. Shi ma yakan yi magana a kan "Ba'afirke" kamar mutum guda ne daga Dakar zuwa Mombasa, yakan kuma zana ƙauye a matsayin wurin natsuwa da birni ke lalatawa. Bambancinsa da Carothers shi ne ya ɗora bambancin a kan al'ada da tarbiyya, ba a kan halitta ba, kuma abin da wancan ya kira naƙasa shi ya kira shi dukiya. Masana tarihi irin su Jonathan Sadowsky da Matthew Heaton sun yi nazarin wannan gaba a littattafansu kan tarihin fannin a Najeriya.

Ibadan

A 1963 ya bar Aro ya zama farfesa kuma shugaban sashen koyar da likitancin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Ibadan. Ya shugabanci tsangayar likitanci daga 1966 zuwa 1968, sannan aka naɗa shi shugaban jami'ar ana tsakiyar yaƙin basasa, bayan Kenneth Dike, wanda ya shugabance ta a da, da malamai da ɗalibai 'yan Gabas da yawa sun bar ta.

A wannan zamani Ibadan ta shiga cikin cibiyoyi tara na wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a kan sikizofiriniya, ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da ruɗewar tunani. Sauran cibiyoyin sun haɗa da Landan da Mosko da Washinton da Agra ta Indiya. An sami ciwon da kamanni guda a ko'ina. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne da aka bi sawun marasa lafiyar bayan shekara biyu, na Ibadan da na Agra sun fi na biranen masu arziki samun sauƙi. Da yawa sun fassara wannan da cewa riƙon dangi ne, wato abin da Lambo ya daɗe yana faɗa. Masu bincike na baya, har da 'yan Najeriya, sun ja hankali cewa lissafin bai kula sosai da waɗanda suka mutu ko suka ɓace ba, kuma har yanzu ana muhawara a kai.

Shugabancinsa na jami'a ya ƙare da tabo. Ranar 1 ga Fabrairu 1971, ɗalibai suna zanga-zangar da ta samo asali daga ƙorafi kan abinci da tafiyar da ɗaya daga cikin gidajen kwanansu, 'yan sandan da aka kira cikin harabar suka buɗe wuta, harsashi ya kashe wani ɗalibi, Kunle Adepeju. Ana ɗaukarsa ɗalibin jami'a na farko da 'yan sanda suka kashe a irin wannan hali a Najeriya, kuma ƙungiyoyin ɗalibai sun daɗe suna tunawa da ranar. A cikin shekarar Lambo ya bar Ibadan.

A Hukumar Lafiya ta Duniya

Ya koma hedkwatar hukumar a Janeba a 1971 a matsayin ɗaya daga cikin masu taimaka wa babban darakta. A 1973, shekarar da Halfdan Mahler ɗan Denmak ya karɓi ragama, aka ɗaga Lambo zuwa mataimakinsa, suka yi shekara 15 tare har 1988. Hukumar da ta buga littafin Carothers shekara 20 baya, yanzu mutumin da ya fi kowa sukarsa ne na biyu a cikinta.

Zamanin nan ne na taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora kiwon lafiya a matakin farko a kan gaba, da na shelar kawar da cutar agana daga duniya a 1980. A fannin da Lambo ya fito, hukumar ta fitar da rahoto a 1975 da ke ba ƙasashe masu tasowa shawarar su daina jiran manyan asibitoci da ƙwararrun da ba su da su, su koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon hankali da ba da magani a kusa da gida. A waɗannan shekaru kuma ta buɗe shirin nazarin maganin gargajiya. Ba shi kaɗai ya kawo waɗannan ba, amma sawun Aro a bayyane yake a cikinsu.

Ya sami lambar girma ta OBE daga Birtaniya a 1962, da kyautar bincike ta Haile Selassie a 1970, kuma yana cikin rukunin farko da aka ba lambar yabo ta ƙasa ta masana a Najeriya a 1979. Bayan ya yi ritaya ya dawo gida, ya rasu saura kwana 16 ya cika shekara 81.

Bayan Lambo

An kwaikwayi tsarin Aro, ko an yi makamancinsa, a wasu ƙasashe. A Sanagal, likitocin asibitin Fann na Dakar ƙarƙashin Henri Collomb sun sa dangi zama da marar lafiya a cikin asibiti, suka kuma kafa ƙauyukan jinya a kudancin ƙasar da gabashinta. Tanzaniya ma ta kafa ƙauyukan da masu samun sauƙi ke noma da kiwo.

A Aro kanta tsarin ya yi ta ja da baya. Da aka gama ɗakunan kwanciya, asibiti ya koma aiki irin na kowane asibiti. Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, ɗakin haya ya sami masu nema da ba marasa lafiya ba, ribar da ta sa mai gida ya haƙura da baƙo mai taɓin hankali ta ragu. Ita ma uwar da za ta bar gona da kasuwa ta tare wata da watanni ta yi wuyar samu a gidan da kowa ke aikin albashi. Kuma ba a taɓa gwada tsarin da irin gwajin da zai kwatanta shi da kwantarwa a kan marasa lafiya masu hali ɗaya ba. Tun da masu sauƙin hali da masu gata ne ke shiga ƙauye, dole sakamakonsu ya fi kyau ko da tsarin bai ƙara komai ba. Wannan bai rushe aikin ba, amma ya rage ƙarfin alƙaluman da aka riƙa yaɗawa a kansa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ɗaruruwan mutanen da a da mari ne rabonsu sun zauna cikin jama'a shekara da shekaru, ƙauyukan kuma ba su watse ba.

Asibitin Aro yana nan a hannun gwamnatin tarayya, yana horar da likitoci da ma'aikatan jinya. Akwai irinsa a Yaba da Kalaba da Inugu da Binin, a Arewa kuma a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, ban da na jihohi. A 1991, lokacin da Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, Najeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko, ko da yake a yawancin ƙananan asibitoci abin bai wuce takarda ba. Ƙwararrun likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake horarwa suna ficewa waje. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina da wasu garuruwa, a cikinsu har da masu taɓin hankali da masu shaye-shaye da iyayensu suka kai da hannunsu, kuma a shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure marasa lafiya a wuraren addini na Musulmi da na Kirista, da gidajen masu maganin gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati.

Dokar 1916, wadda aka sabunta a 1958 ba tare da an taɓa ruhinta ba, ta ci gaba da aiki duk tsawon rayuwar Lambo da kusan shekara 19 bayan rasuwarsa. Sai a watan Janairu na 2023 aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta fayyace haƙƙoƙin marar lafiya, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da yardarsa ba, ta kuma tanadi kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya.